Zan kai Hajiya Duwala: ina za mu zaga, me za mu ci?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa. Bayan salla zan raka Hajiyarmu Duwala ta Kamaru ganin likita. In an sallame mu ina so ta ga gine-ginen Jamusawa na unguwar Bonanjo, ta kuma ɗanɗana miyar ndolen da ake ta ba ta labari. Ƙafarta ba ta jure doguwar tafiya, kuma ba ta cin naman da ba ta san wanda ya yanka ba. Mu sauka a unguwar New Bell ko kusa da Bonanjo?

Baban Walid: Wa alaikumus salam. Ku wuce Kribi kawai, ga teku, ga ruwan Lobe. Duwala ban da zafi da cunkoso me ke cikinta?

Malama: Allah ya ba Hajiya lafiya. Kar ku bar Pagod, gidan sarautar Manga Bell da aka gina a 1905. Ɗan gidan ne Rudolf Duala Manga Bell, wanda Jamusawa suka rataye a 1914 don ya ƙi yarda a ƙwace filayen mutanensa. Ndole kuwa shuwaka ce da gyaɗa, ku ce a sa muku na kifi, ku haɗa da miyondo, rogon da ake naɗewa a ganye a dafa.

Alhaji Mai Shanu: Bonanjo? Hmm. Bara na tsaya ɗaukar hoton wani tsohon gini, sai ga masu kaki, wai wurin gwamnati ne. Suka karɓe waya, suka zaunar da ni a benci tun hantsi har la'asar, azahar ma a nan ta wuce ni. Ɗana yana gefe yana kuka. Da suka ga katina an rubuta Marwa sai tambayoyi suka ƙaru. Sai da na rabu da sefa 15,000. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Baban Walid: Subhanallahi. Ni 5,000 na bayar.

Direba: Alhaji, da ka kira ni ko sisi ba za ka ba su ba. Ndole kuma faranti 1,500 ne a New Bell, wajen mutanenmu.

Maman Hanifa: Wane 1,500? 4,000 na biya!

Direba: Maman Hanifa, ke baƙuwa ce, ni kullum ina kan hanyar.

Maman Hanifa: Wanda ke kwana a tasha ne zai faɗa mana inda za a kai tsohuwa marar lafiya?

Autan Kusuri: Ku dai riƙe kilishi da ƙuli a jaka. Ranar da Hajiya ta shaƙi warin bobolo, jiƙaƙƙen rogon nan da ake dafawa a ganye, da kanta za ta nemi motar gida 😂

Alhaji Mai Shanu: Yaro, ba abin dariya ba ne. Daga Gaundare zuwa kudu shinge nawa ne? Kowanne mu ake saukewa. Mai riƙe da rasit ɗin katin ɗan ƙasa kuwa ya shiga uku.

Malama: Wallahi ƙanwata ma rasit ɗin nata har ya yage, katin bai fito ba.

Ɗan Garwa: To ai Hajiya ma rasit gare ta. A jirgin ƙasa ana karɓa?