Shirun gidana ya fara yi mini daɗi, abin kuma yana ba ni tsoro

Salama a gare ku 'yan'uwa. Ni gwauruwa ce, shekaruna 58, ina zaune a wani ƙauye kusa da Zariya. Maigidana ya rasu a watan Agusta, dawa ba ta ko fitar da kai ba. A lokacin gida cike yake da masu gaisuwa, matan Zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiyarmu, suna zuwa da tulunsu na kiɗa suna yi mini waƙa. Daga baya aikin gona ya ɗauke mini hankali, abin da ya shuka ni na girbe. Yanzu hatsi ya shiga rumbu, yara sun koma bakin aikinsu bayan Kirsimeti, hunturu ya sauko, hazo ya rufe gari. Ba abin da nake ji da asuba sai iska a kan kwano.

Da fari shirun nan kamar zai haɗiye ni. Shekara 34 muna addu'ar safe tare, shi ya karanta, ni in ɗaga waƙa. To amma kwanan nan sai in zauna bakin murhu da Littafi Mai Tsarki a cinya, ban buɗe ba, ban ce komai ba, sai in ji kamar Ubangiji yana kusa. Har na fara ƙin zuwa taron Zumuntar Mata, sau uku ke nan. Wannan keɓewar daga wurin Allah take, ko baƙin ciki ne yake jan ni cikin rami? Ku ba ni shawara.

Wani dattijon ikilisiya daga Wusasa:
Sannu da haƙuri, 'yar'uwa. Ki buɗe 1 Sarakuna sura 19. Iliya ya gudu jeji, ya kwanta gindin itace yana roƙon mutuwa. Mala'ika bai yi masa faɗa ba, abinci da ruwa ya ba shi, har sau biyu. Ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Dutsen Horeb. Iska mai tsaga duwatsu ta wuce, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, Ubangiji ba ya cikinsu, sai a wata 'yar siririyar murya. Saboda haka abin da kike ji bakin murhu ban raina shi ba. Amma ki karanta har ƙarshe. Iliya ya ce shi kaɗai ya rage, Allah ya ce akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma ce masa ya koma, akwai Elisha, wanda zai gaje shi, a gaba. Ni da wannan nake auna kaina: in na tashi daga shiru ina marmarin ganin mutane, na san da wa na zauna. In na tashi ina jin nauyinsu, sai in binciki zuciyata.

Wata shugabar Zumuntar Mata:
Baba ya faɗi gaskiya, amma ni zan ƙara wani abu. Sau uku ya yi yawa, Yaya. Na yi takaba, na san yadda ɗaki yake kiran mutum. Hannatu ta Luka sura 2 gwauruwa ce, tana azumi da addu'a dare da rana, amma a Haikali take, inda jama'a ke shige da fice, shi ya sa ta ga jaririn Yesu da idonta. Ki zo taro ko ba za ki yi waƙa ba. Ki zauna a bencin baya.

Wani manomi daga Kano:
Mama, ni ba mai wa'azi ba ne, gona na sani. Ki dubi gawo. Da damina, kowane itace ya yi kore shar, shi kuwa ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, baƙo ya ce ya mutu. Rani na shigowa sai ya tofo, awaki su samu abinci da inuwa lokacin da babu komai. Ganyen da ya zubar ma taki ne, geron gindinsa ya fi na ko'ina. Saiwarsa ce ta yi nisa ƙasa. Kada ki auna kanki da sauran mata don suna rawa ke ba ki iya tukuna.

Wata nas:
Mama, don Allah in tambaye ki: kina cin abinci? Kina barci? Kina wanka ki share tsakar gida kamar da? In waɗannan sun tsaya har sati biyu ko fiye, ko kika fara jin gara ki bi maigidanki, ki gaya wa Fasto da ɗaya cikin yaranki a ranar, ki kuma ga likita. Ba rashin bangaskiya ba ne.

Wani malamin makarantar Littafi Mai Tsarki:
Ki sa wa shirun iyaka. Markus 1:35 ya nuna Yesu yana tashi da asussuba ya tafi inda ba kowa, amma gari na wayewa yana cikin garuruwan Galili. Antoni na Masar, wani Kirista mai ibada wanda ya rasu a shekara ta 356, ya yi wajen shekara 20 a keɓe cikin hamada, ƙarshe ya buɗe ƙofa ya karɓi masu neman koyarwa. Ki ba asuba shiru, ki ba yamma mutane. Azumin kwana 40 yana tafe, daga Larabar Toka zuwa Ista, a tsakiyar zafin bazara. Kafin ruwan fari ya sauka za ki ga yadda zuciyarki take.

Mai tambaya:
Na gode, Ubangiji ya sāka muku. 'Yata nas, ina ci, amma barci sai bayan ƙarfe 2, zan gaya wa babban ɗana yau. Akwai gawo a bakin gonarmu, maigidana ya hana a sare shi, ban taɓa tambayarsa dalili ba. Jiya na je na tarar ya yi ganye. Ranar Talata akwai taro, na aika wa maƙwabciyata ta biyo mini mu tafi tare.