Wutar lantarki a kan tsoho: magani ne ko ciniki?

Sani: Assalamu alaikum. Akwai wata na'ura da ake ɗora wa tsofaffi a ka, ta riƙa aika ɗan lantarki cikin ƙwaƙwalwa, hankalinsu ya dawo. Kun ga dai yadda Baba ya koma, ana tsakiyar hira sai ya ɓace. Mu haɗa kuɗi mu saya masa.

Yaya Binta: Subhanallahi! Kan Baba za ka jona wa wuta?

Sani: Yaya, ba wutar soket ba ce. Miliamfiya 1 zuwa 2 ne kawai, wato 'yar ƙanƙanuwar wuta, ta cikin soso mai ruwan gishiri, na kamar minti 20. Ɗan ƙaiƙayi ake ji. Kuma ba zancen bakin titi ba ne: Robert Reinhart na Jami'ar Boston ya gwada a 2019 kan tsofaffi 42 masu shekara 60 zuwa 76. Bayan minti 25, ƙoƙarinsu ya kamo na 'yan shekara ashirin da wani abu.

Nafisa: Yaya Sani, binciken gaskiya ne, na karanta shi a makaranta. Amma abin da suka auna shi ne riƙe abu a ka na ɗan lokaci, wato ka ga hoto, a nuna maka wani, ka faɗi ko sun bambanta. Kuma minti 50 kaɗai suka bi mutanen bayan cire na'urar. Natsuwa a hira da iyali wani abu ne daban.

Sani: To ai sun sake a 2022, da mutum 150 masu shekara 65 zuwa 88, kwana huɗu a jere, kuma amfanin ya kai wata guda.

Nafisa: Jerin kalmomi 20 suke haddacewa a wannan ma. Ga abin da masu talla ba sa faɗa: a Jami'ar Florida an yi gwaji mafi girma, tsofaffi 379, akasarinsu suna atisayen ƙwaƙwalwa a kwamfuta na mako 12. Wasu an sa musu lantarkin gaske, wasu na bogi, ba wanda ya san nasa. Da sakamako ya fito a 2023, masu na gasken ba su fi sauran ba a babban ma'aunin. Sannan tawagar wani masanin ƙwaƙwalwa, Buzsáki, ta auna a kan gawa, ta ga kusan kashi 75 cikin ɗari na wutar fata da ƙoƙon kai ke shanye ta kafin ta isa ciki.

Kawu Isa: Ku yara kuna ganin sabon abu ne. Wani likitan Rum, Scribonius Largus, kusan shekara dubu biyu da suka wuce, kifi mai wuta irin minjiryarmu yake ɗora wa masu ciwon kai. Ni dai ko kyauta aka ba ni, na gode.

Yaya Binta: Kawu, ka raba mu da minjirya, don Allah.

Sani: Nafisa, kin haɗa abu biyu. Na Florida wutar a miƙe take tafiya, ta Boston kuwa tana kaɗawa daidai da bugun ƙwaƙwalwa. Faɗuwar ɗaya ba ta kayar da ɗaya.

Nafisa: Wannan ka yi gaskiya, na yarda. Amma hujjar kanka ta juyo. A 2019 sai da suka auna igiyar ƙwaƙwalwar kowane mutum suka saita masa tasa. Wa zai saita wa Baba? Yawancin na intanet ɗin ma mai miƙaƙƙiyar wutar ce, kuma an sha samun ƙunar fata idan soson ya bushe. Waɗancan tsofaffin an tantance lafiyarsu kafin a taɓa su. Baba yana shan maganin hawan jini, dare kuma ba ya barci sosai.

Kawu Isa: Ni abin da na lura, ɗan'uwana ba ya ji da kunnen hagu. Ranar suna sau uku na maimaita masa magana, da na koma dama ya amsa nan take har da tsokana.

Yaya Binta: Kawu, shi ne ba ka taɓa faɗa ba?

Kawu Isa: Wa ya tambaye ni?

Sani: Shi ke nan, a fara da kunnen da barcin. Amma ban janye ba, in an sake babban gwaji da irin ta Boston zan dawo da maganar.

Yaya Binta: Ka dawo. Kuɗin da ka ware kuma ka turo min, ranar Litinin zan kai shi asibiti.