Me za mu kira "inkiripshin" da Hausa?

Malam Isa: Assalamu alaikum. Jama'a, ana shirya takardar jan hankali ga ma'aikatan da ke amfani da kwamfuta ɗaya tare a ofis, sai aka cije a kalmar inkiripshin. An rubuta "ɓoye fayil". Ta yi, ko akwai wadda ta fi ta?

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Malam, ɓoyewa ba ta yi ba, don akwai abin da ya riga ya ci sunan. A Windows kana iya sa wa folda alamar ɓoyewa, ta daina fitowa a jeri. Amma abin da ke ciki na nan yadda yake, duk wanda ya kunna nuna ɓoyayyun fayiloli zai gani. Idan takardar ta ce "ɓoye", wannan mutane za su yi, su ɗauka sun tsira.

Injiniya Nura: To kullewa fa?

Hajiya Binta: Kulle ya fi dacewa da asusu da kalmar sirri. Kowa da asusunsa, in zai tashi ya danna maɓallin Windows da L. Wannan yana tsare abokin aiki, ba ya tsare mai kula da na'urar, wanda ke da ikon karɓe mallakar kowace folda. Haka wanda ya cire faifan ajiyar kwamfutar ya sa a wata kwamfuta, zai karanta komai.

Injiniya Nura: Gaskiya ne, Hajiya. Shi inkiripshin rubutun kansa yake dagulawa, ta yadda ko an buɗe sai tarkace, sai mai mabuɗi ne zai mayar da shi daidai. Ni ina ganin muna da kalmar tun tuni: zaurance. Gida ya koma gibida, magana na fita a fili amma wanda bai san dabarar ba ya tashi a tutar babu. A ce zaurantar da fayil, a ce warware zaurance.

Malam Isa: Sai dai zaurance, yaro mai kunne yana gano shi a yini ɗaya.

Injiniya Nura: Haka ne, shi ya sa za a riƙa haɗa shi da mabuɗi. A zaurance dabarar ce sirri. A nan dabarar kowa ya san ta, tsarin lissafi ne mai suna AES, wanda Amurka ta amince da shi a 2001. Sirrin yana ga mabuɗi kaɗai.

Ga yadda za a rubuta matakan da kalmar. Ka tara fayilolin a 7-Zip, manhajar dunƙule fayiloli, ka zaɓi nau'in 7z, ka sa doguwar kalmar sirri, sannan ka sa alamar zaurantar da sunayen fayiloli ma. In ka zaɓi zip, sunayen za su fito fili ko da ciki ya dagule, kuma suna kamar "takardar asibiti" ya gama tona asiri. Daga nan ka goge na asali, ka share kwandon shara. Nan ne aka fi yin tuntuɓe.

Hajiya Binta: A ƙara gargaɗi biyu. BitLocker, tsarin da ke cikin Windows, faifai gaba ɗaya yake zaurantarwa, yana maganin ɓarawo, amma da zarar kwamfuta ta tashi ba ya raba ma'aikaci da ma'aikaci. Shi kuwa EFS, tsarin Windows na zaurantar da fayil ɗai-ɗai, wanda babu shi a Windows Home, yana ɗaure da asusunka: in mai kula ya sauya maka kalmar sirri da ƙarfi, kana iya rasa fayilolin sai in ka adana kwafin mabuɗin. In ka kwafe su zuwa filashi ma, zaurancen yana iya warwarewa. Kuma a ofisoshi da yawa hukumar ofishin na riƙe da mabuɗin ko-ta-kwana.

Malam Isa: Madalla. An cire "ɓoye fayil", an sa "zaurantar da fayil da mabuɗi". Ɓoyewa da kullewa kowace ta samu nata layi a takardar. Na gode, Allah ya saka.