Piyano da ogan a lokaci guda: in haɗa ko in bar ɗaya?

Ishaya Sabon Gari
Sallama ƴan uwa. Shawara nake nema, don Allah a karanta har ƙarshe kafin a ba da amsa. Ina nan Damagaram, ina koyarwa a wata lakwal. Na fara koyon piyano wajen wata madam, ina karatun solfej, wato karanta kiɗa a rubuce, hannu biyu sun fara haɗuwa amma da ƙyar. To yanzu dattijon da ke kaɗa mana ogan a majami'a zai koma gida Kwatano ƙarshen damina. Ogan ɗin na kuran ne, mai maɓallai hawa biyu da feda a ƙasa, wato maɓallan da ake takawa da ƙafa. Ya ce in ina so zai riƙa zama da ni kowace Asabar kyauta kafin ya tafi, in ba haka ba sai dai a lulluɓe abin da zane, don babu mai iya taɓa shi. Madam kuma ta ce in na haɗa biyu yanzu hannuna zai lalace. Jikka 150 na tara, a gida ba ni da komai sai ƙaramin kibod na Casio na aro. Wanda ya taɓa haɗa su, yaya ta kasance?

Ɗan Birni
Ɗan uwa shiga YouTube, komai na nan. Ni a can na koyi gita ban biya ko dala ba.

Nura Mai Situdiyo
Nemi kibod Yamaha PSR ka huta. Muryar piyano na ciki, muryar ogan na ciki, har kalangu ana saka masa. Maɓalli ɗaya za ka danna ka koma wanda kake so. Me za ka yi da wahala biyu?

Ishaya Sabon Gari
Malam Nura na gode, amma ba murya nake nema ba. Hannu da ƙafa nake tambaya.

Maman Rahila
Ƙanena, ni na haɗa su lokacin da nake karatu a Yamai, kuma ga ni da hannuna lafiya. Amma madam ɗinka ba ƙarya ta yi ba. A piyano guduma ce ke bugun tsirkiya: ka buga da ƙarfi ya yi ƙara, ka lallaɓa ya yi sanyi, kuma da ka buga sautin ya fara mutuwa. Ogan bai san ƙarfin yatsa ba. Ko ka doke shi ko ka shafa shi sauti ɗaya ne, yana nan har sai ka ɗaga yatsa. Ƙarawa da ragewa da ƙafa ake yi. Kuma ba shi da fedar nan ta piyano mai riƙe maka sauti, saboda haka yatsu ne ke karɓar juna a kan maɓalli ɗaya ba tare da an sake shi ba, don kada waƙa ta yanke.

Abin da za ka gani shi ne, duk ranar da ka koma piyano bayan Lahadi, malamarka za ta ce kiɗanka ba rai, yatsu a manne, komai nauyinsa ɗaya. Nawa malamin ya sha faɗa mini haka har na gaji. Yana wucewa, amma sai in kullum kana taɓa piyano mai nauyin maɓalli, ba sau ɗaya a mako ba.

In ni ce: dattijo zai tafi, madam tana nan. Ka roƙe shi ya ba ka abin da ba mai ba ka bayansa, wato taka feda da diddige da tsinin ƙafa ba tare da leƙe ba, da zaɓen muryoyi, da yadda ake ɗaga jama'a su shiga baiti tare. Karatun takarda ka bar wa madam. Takardar ogan layi uku ce, na ƙasan na ƙafa ne, kada ta firgita ka. Ka fara da waƙoƙin da bakinka ya riga ya haddace.

Tela Habu
In feda ce matsalar a kirawo ni. Tun ina yaro ƙafata ke kan keken ɗinki. Nawa ake biya ranar Lahadi?

Lawali Kara-Kara
Taura biyu ba ta taunuwa, ni ma ɗaya na tauna ta karya mini haƙori. Ishaya ka ajiye kuɗinka ka sayi tumaki.

Kano na tafi don kiɗa kawai. Wani mai situdiyo ya ce in zauna zai koya mini. Abin da na koya shi ne shara, sayen man janareto, da ɗaukar sifiku zuwa gidan biki. In ya fita sallah ne kawai nake samu in ɗora hannu a kan fiyano, da ya dawo in tashi. Duk da haka da kunne na ɗauko akor, wato sautukan da ake dannawa tare, har na kai in mawaƙi ya rera zan bi shi. Waƙoƙin da na kaɗa da hannuna aka fitar da su, sunan mai gida aka ambata. Ban ce komai ba. Na yi ta tara abin da ake liƙa mini a biki har na sayi PSR na hannu, mai sayarwa ya yi rantsuwa daga Turai ya zo ba a taɓa buɗe shi ba. A hanyar dawowa ta Daura kowane shinge sai an sauke kwalin an tambayi takarda, ka san me ake nufi da takarda. Na iso gida ana ta yi mini barka.

Bai yi wata ba. Aka ɗauke kuran, aka dawo da shi da ƙarfi, sai wari. Na kai wa mai gyara, ya buɗe ya nuna mini an taɓa yi masa faci tun a can. Ya ce in bar shi zai nemo kaya. Da na koma karɓa, abin da ya rage a ciki bai kai abin da ya fita ba. A cikin wannan hali ne kuma kawun yarinyar da nake nema ya aiko cewa ba su ba maroƙi ƴa. Ni da ban taɓa yi wa kowa kirari ba! Yanzu sharja da kati nake sayarwa a bakin kasuwar Dole, alhamdu lillahi ba wanda ke zagin uwata.

Ɗan Birni
Allah Ya mayar da alheri Lawali. Wallahi ta taɓa ni.

Nura Mai Situdiyo
Ba duka masu situdiyo ne haka ba. Yarana uku duk da hannuna na koya musu. Wane samfuri ne, kuma nawa ka saya?

Lawali Kara-Kara
Jikka 85 a lokacin, ban da na hanya.

Nura Mai Situdiyo
An cuce ka. Da ka ƙara kaɗan da sabo ka ɗauko. PSR-E373 a kwalinsa jikka 140 na sayo wa wani a Kano.

Abdu Zengo
140 a ina? Ni 190 na biya a Yamai, kuma sai da na yi ciniki har gumi.

Nura Mai Situdiyo
To ai Yamai ka ce. Da naira ake saye, ka duba canji.

Abdu Zengo
Canjin wace rana? Naira da ke kwana da farashi ɗaya ta tashi da wani.

Ɗan Birni
Wani direban Lome ya ce da jikka 60 ana samu a tashar jirgin ruwa.

Maman Rahila
Kuna ta ciniki kan abin da ba zai yi masa amfani ba. E373 maɓalli 61 gare shi, marasa nauyi. Piyano 88 ne. Yaron da zai riƙa zama kan ogan yana bukatar mai nauyi a gida, irin su Yamaha P-45, in ba haka ba maganar madam ta tabbata. Kuma jikka 150 ba ta kawo shi sabo, ko kusa. Ya riƙe kuɗinsa ya ƙara tari, ya roƙi madam ta bar shi ya riƙa motsa hannu a kan nata.

Nura Mai Situdiyo
Maman Rahila da girmanki, amma ke kiɗa ya taɓa ciyar da ke? Mu da shi muke cefane. Ban san solfej ba, amma biki nawa na tayar a garin nan? Ku masu takarda in iska ta kwashe takardar sai ku tsaya.

Maman Rahila
Malam Nura, kai hannun hagu kake danna akor inji ya yi maka ganga da bas. A kashe maka wannan a ba ka mutum ɗari su rera baiti huɗu, mu gani. Ban raina sana'arka ba, amma ba ita aka tambaya ba.

Lawali Kara-Kara
Ku duka kun ci riba ne shi ya sa kuke magana. Shawarar wanda ya yi asara ita ce shawara.

Baba Mushe
Yara ku sassauta. Ku da kuke ganin ogan kayan majami'a ne kawai ko kayan biki, ku tambayi iyayenku labarin makaɗin Nijar Mamman Sani. Da ogan na kuran ƙirar Orla ta Italiya ya naɗi kaset ɗinsa a 1978, kuma shekaru ana saka kiɗansa tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin na ƙasa. Mu da shi muka tashi. Ishaya ɗana, tsoho in ya ce zo ka karɓa, a je a karɓa.

Tela Habu
Baba ni ma tsoho ne, a zo a karɓi ɗinkin da aka bar mini tun sallar bara.

Ishaya Sabon Gari
Na gode Baba, na gode Maman Rahila. Abin da ban gane ba, fedar zan iya koyonta a gida ba tare da ogan ba? Majami'a a kulle take sai Asabar da Lahadi.

Abdu Zengo
Ko a buɗe take da wane kuran za ka kunna shi? Jiya tun azahar aka ɗauke mana sai tsakar dare. Gari mai matatar mai tun 2011, amma wutarsa sai ta biyo layin Katsina ta Gazawa. Kun manta Agustan 2023 da Najeriya ta yanke?

Nura Mai Situdiyo
Kada ka tuna mini. Mawaƙi na tsaye gaban makirfo, mun kai baiti na ƙarshe, ɗif. Lokacin zafi kuwa rabin abin da na samu a man gurup yake tafiya. Duk wanda zai jona kibod a bango ba sitabilaiza ya shirya zama Lawali na biyu.

Lawali Kara-Kara
Nawa da sitabilaiza ya ƙone.

Nura Mai Situdiyo
Irin na jikka 8 ko? Wancan kwali ne da fitila.

Ɗan Birni
Ni firij ɗina ya tafi, da talabijin, dare ɗaya. Wa zan kai ƙara? Takardar kuɗin wuta kuwa ba ta taɓa makara ba.

Abdu Zengo
Fanno na sola da batir kawai. Ni na haɗa, fanka biyu da kibod suna tafiya har dare. Sai dai batirin zafin watan Afrilu ke cinye shi, na biyu ke nan nake kai.

Ɗan Birni
Abdu, batir ɗinka na ruwa ne ko busasshe? Kuma wajen wa ka saya, don wanda aka kawo mini ya kumbura tun kafin damina.