Mama ta haura casa'in, ido da ƙafa sun hana ta zuwa coci

Autan Mama: Salama 'yan'uwa, shawara nake nema. Mahaifiyarmu ta haura shekara 90, a ƙauye ta yi duk rayuwarta. Tun muna yara, asuba ba ta yi sai mun ji muryarta tana addu'a, tana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ƙafa ta ƙi, ido ya yi hazo. Littafi Mai Tsarki ma sai dai ta ɗora a cinya tana shafa bangonsa. Ran Lahadi tana jin ƙararrawa sai hawaye. Yayyena sun ce a kawo ta birni, ita kuwa ta ce allambaran. Ya za mu yi?

Maman Biyu: Ƙanena, kada ku tumɓuke ta. Tsoho idan aka raba shi da ɗakin da ya saba, rikicewa yake yi. Ku yi wa fasto magana ya riƙa kawo mata Jibin Ubangiji gida, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a coci, zumuntar mata kuma su zo su yi waƙa a tsakar gidanta.

Malamin Asibiti: A fara duba idon tukuna. In yanar ido ce, aikin bai kai awa guda ba, kuma tsufa kaɗai ba ya hana yin sa. Ku sa mata fitila a hanyar bayi, faɗuwar dare na iya karya ƙugun tsoho.

Dattijo: Ɗana, Zabura 90 ta ce shekarun mutum saba'in ne ko tamanin, Mama ta wuce nan. Jikoki su riƙa karanta mata da yamma. Ka ga tana gyara musu inda suka yi tuntuɓe, don ta haddace.

Autan Mama: Na gode ƙwarai. Zan fara da maganar ido, sai in shawo kan yayyen nawa.