Wa ke da ikon tuhumar shugabannin FIFA?

Kocin Yara, Bauchi

Assalamu alaikum. Ni mai horar da yara ne 'yan ƙasa da shekara 15 a wani fili da ke bayan unguwarmu, kuma ƙwallaye biyun da muke atisaye da su karo-karo iyayen yaran suka yi muka saya, ɗaya ma ta je wurin mai faci har sau uku. Daren jiya gardama ta kaure a gidan kallon ƙwallo, bayan wani ya ce kowace ƙasa tana iya samun har dala miliyan 8 daga FIFA a zangon 2023 zuwa 2026 domin raya wasan. Wani dattijo ya ce kada mu damu, ai an tsabtace hukumar tun 2015 da aka kama manyanta. Ban ce wani ya ci kuɗin kowa ba, amma ina roƙon masana su fahimtar da ni: shin wannan kamen ya gyara wani abu, kuma idan shugabannin FIFA suka yi ba daidai ba a yau, wa ke da ikon ya tuhume su?

Tsohon Alƙalin Wasa, Yelwa

Wa alaikumus salam, ɗana. Dattijon nan ya faɗi rabin gaskiya. Da asubahin ranar 27 ga Mayu 2015 'yan sandan Suwizalan suka shiga otal ɗin Baur au Lac da ke Zurich suka kama jami'an ƙwallo 7, har ma'aikatan otal ɗin suna kare wasu da zanen gado don kada 'yan jarida su ɗauki hotonsu. Ma'aikatar shari'ar Amurka ce ta nemi a kama su, inda ta tuhumi mutum 14 da hannu a cin hancin da ya haura dala miliyan 150, akasarinsa a cinikin haƙƙin nuna wasanni da tallace-tallace. Abin da nake so ka riƙe shi ne, kwana biyu kacal bayan wannan abin kunya, wakilan ƙasashe suka zauna a birnin suka ba shugaban FIFA na lokacin, Sepp Blatter, ƙuri'a 133, Yarima Ali na Jodan ya samu 73 ya janye. Wato waɗanda ya kamata su tuhumi shugaba su ne suka sake ɗora shi a wa'adi na biyar. Sai ranar 2 ga Yuni ya ce zai sauka, da ya ga wutar ta kusa gemunsa.

Ba a ranar aka fara jin wari ba. A 2010, kafin a ba Rasha da Katar baƙuncin gasar cin kofin duniya ta 2018 da 2022, an dakatar da mutum biyu daga kwamitin zartarwa bayan wasu 'yan jaridar Ingila sun yi musu shigar burtu, ɗayansu ɗan ƙasarmu ne, Amos Adamu, wanda aka haramta wa harkar ƙwallo shekara uku. A 2011 kuma aka raba ambulan mai dala 40,000 kowace ga jami'an ƙasashen Karebiyan a Tirinidad, lokacin da Mohamed bin Hammam na Katar ke neman kujerar Blatter. FIFA ta sa lauya Michael Garcia ya binciki zaɓen 2010, ya miƙa rahoto mai shafi sama da 400, aka fitar da taƙaitawa mai shafi 42 kawai, shi kuwa ya ce an karkatar da bincikensa ya ajiye aikin a Disamba 2014. José Maria Marin na Barazil da Juan Ángel Napout na Faragwai, waɗanda suka kwana a gidan yari kan wannan badaƙala, kotun New York ce ta ɗaure su, domin iyakar hukuncin FIFA dakatarwa ce da tara.

Malama Mai Binciken Kuɗi, Gombe

Baba ya kawo tarihin yadda yake, ni kuma zan tsaya a kan abin da ya biyo baya, domin a nan amsar Malam Koci take. An yi gyare-gyare a Fabrairu 2016, ranar da aka zaɓi Gianni Infantino: an ƙayyade wa'adin shugaba zuwa shekara 12, an fara bayyana albashinsa, an kuma maye gurbin kwamitin zartarwa da majalisa mai kujera 37. A takarda wannan ci gaba ne. Sai dai bayan wata uku, a taron Meziko, aka ba wannan majalisa ikon naɗawa da sauke mambobin kwamitocin da ake kira masu zaman kansu, abin da ya sa shugaban kwamitin binciken kuɗi, Domenico Scala, ya yi murabus nan take. A 2017 kuma aka ƙi sabunta wa'adin shugabannin kwamitin ɗa'a biyu, Cornel Borbély da Hans-Joachim Eckert, waɗanda su ne suka hukunta Blatter. A aikinmu, idan wanda nake bincike shi ne zai iya sallamata, to sunan bincike kawai nake yi.

Tushen matsalar a ganina yana wurin ƙuri'a. Ƙasashe 211 ne a FIFA, kowace da ƙuri'a ɗaya, kuma da yawansu ba su da wata hanyar samun kuɗi da ta kai tallafin da ke zuwa daga hedikwatar FIFA a Zurich. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya sa Infantino ya koma kujerarsa babu hamayya a 2019 da 2023, aka kuma ce shekarunsa uku na farko ba sa cikin lissafin wa'adi, sannan a Disamba 2024 aka ba Saudiyya gasar 2034 da tafi, ita kaɗai ce mai nema.

Ɗan Wikki Na Asali

Da girmamawa, Baba da Malama, ina ganin kun yi wa mutanen nan tsauri. A zamaninsu ne gasar cin kofin duniya ta zo Afirka a 2010, kuma mu nan Bauchi mun kalli wasannin FIFA da idonmu a filin Abubakar Tafawa Ɓalewa, a 1999 da kuma 2009. Amurka ba ta tashi da ƙarfinta ba sai bayan Katar ta kayar da ita da ƙuri'a 14 da 8 a neman baƙuncin gasar 2022. Ga shi ma kotun Suwizalan ta wanke Blatter da Michel Platini, tsohon shugaban hukumar ƙwallon Turai, a 2022 kan faran miliyan 2 na kuɗin Suwizalan da FIFA ta biya Platini, aka sake wanke su a 2025. Ƙuri'a ɗaya ga kowace ƙasa ita ce kaɗai abin da ya hana Turawa mayar da ƙwallo gadon gidansu.

Tsohon Alƙalin Wasa, Yelwa

Ɗana, a kan ƙuri'a ɗaya muna tare, ni ma ba na so a taɓa ta, kuma wankewar da kotu ta yi wa mutanen biyu gaskiya ce. Amma ko da haushi ne ya tayar da Amurka, mutane da dama sun amsa laifinsu da bakinsu a gaban alƙali, har da Jeffrey Webb, mataimakin shugaban FIFA a lokacin. Mu ma nan Afirka ba mu tsira ba, tunda Ahmad Ahmad da ya kayar da Issa Hayatou a zaɓen shugaban hukumar ƙwallon Afirka a 2017 da alƙawarin canji, shi kansa an dakatar da shi a 2020 kan almundahanar kuɗi. Abin da ya fi damuna shi ne dokar FIFA ta hana gwamnatoci da kotuna katsalandan a harkar ƙwallo. A Yuli 2014, da wata kotu a Jos ta dakatar da shugabancin Aminu Maigari, ɗan jiharmu, a hukumar ƙwallon Najeriya, FIFA ta dakatar da Najeriya baki ɗaya har sai da aka mayar da su. Dokar tana da amfani wajen hana 'yan siyasa wasa da ƙwallo, amma ita ce kuma ke ɗaure hannun duk wata gwamnati ko kotu da ke son tambayar inda kuɗi suka shiga.

Malama Mai Binciken Kuɗi, Gombe

Malam Koci, Zurich ta yi maka nisa, amma tsanin da ake hawa zuwa can daga jiha ya fara. Shugabannin hukumomin ƙwallo na jihohi 36 da Abuja sun daɗe suna da rinjaye a taron da ke zaɓen shugaban hukumar ƙwallon Najeriya, shi kuma shi ke ɗaukar ƙuri'armu ɗaya tilo zuwa taron FIFA. Ka yi wa kulob ɗin yaranka rajista, ku haɗu da sauran masu horarwa, ku nemi hukumar ƙwallon jiharku ta ba ku rahoton kuɗi na shekara a rubuce. FIFA tana wallafa abin da ta ware wa kowace ƙasa a shirinta na raya ƙwallo mai suna Forward a shafinta na intanet, ka buga shafin Najeriya a takarda ka tafi da shi taron hukumar jiharku.