Na yi wa Ubangiji wa'adi ban cika ba, ga yarinyar ta sake kwanciya

Baban Rahila: Salama a gare ku 'yan'uwa. Ni mutumin wajen Malumfashi ne, ina zaune a Agege, Legas. A 2021 'yata ta yi ciwon da muka fid da rai. Cikin dare na durƙusa na ce wa Ubangiji in ya tashe ta zan sa wa majami'ar ƙauyenmu kwano, giya kuma ni da ita har abada. Ta tashi. Lokacin ina da mashin ɗina na kaina, ina aiki a Ikeja, abinci bai gagare mu ba. Sai aka hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa da sauransu daga 1 ga Yuni 2022. Aka kama nawa, kun kuwa san mashin ɗin da aka kama murƙushe shi ake yi. Na koma gadi, maigidan wata ya biya, wata ya ce a jira, ga haya, ga ƙanena da ya sauka mini ba sallama har yau bai sami aiki ba. Ko bandir ɗaya ban saya ba. Ɗaya maganar kuma, kun dai gane. Yanzu yarinyar ta sake kwanciya, uwarta ta ce ni na jawo. Rabona da Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da ake karɓa a majami'a, tun bara. Allah ya janye hannunsa ne? Yaya zan yi?

Dattijo: Ɗana, ba zan shafa maka mai a baki ba. Buɗe Mai Hadishi 5:4-5. Gara kada ka yi wa'adi da ka yi ka ƙi cikawa. Hannatu da ta yaye Sama'ila ta ɗauke shi ta kai Shilo, ba ta ce bari sai ta sami wani ɗan ba. Ka tuna Hananiya da Safiratu. Ka ci bashi ka sayi kwanon nan kafin damina.

Maman Tabita: Halinmu ke nan. Ranar godiya kowa ya miƙe ya yi alkawari a tafa masa, sai mu 'yan zumuntar mata mu yi ta bin gidaje kamar masu karɓar adashi. Tun bara nake bin wani. Baban Rahila, an yi wa yarinyar gwaji kuwa?

Ɗan Makaranta: Baba, da girmamawa, Hananiya ƙarya ya yi a kan kuɗin da ke hannunsa, wannan bawan Allah kuwa ba shi da su. Yayana, karanta Farawa 15. Ibrahim ya yanka dabbobi ya tsaga su biyu, ya jera. A al'adar lokacin, mai ɗaukar alkawari yakan ratsa tsakanin naman, wato in ya karya a yi masa yadda aka yi wa dabbar, Irmiya 34:18 ya nuna haka. To wa ya ratsa? Barci mai nauyi ya kwashe Ibrahim, wuta da hayaƙi suka wuce. Allah kaɗai ya ɗauki nauyin. Sura ta gaba Ibrahim ya kasa jira ya haifi Isma'ilu da Hajaratu yana da shekara 86, duk da haka Ishaku ya zo yana da 100. Nuhu ma a surar da aka ba shi bakan gizo, a nan ya bugu ya kwanta tsirara, ba a janye bakan ba. Abin da ka faɗa wa Allah cikin firgici daban, abin da ya ɗaukar maka da jinin Yesu daban. Ko Shari'ar Musa, Firistoci 27:8 ta ce wanda talauci ya hana shi biyan wa'adinsa, firist ya yanka masa gwargwadon ƙarfinsa.

Dattijo: Yaran yanzu, alheri, alheri, ba tsoron Allah. Me ya hana ka kai sura 17, inda aka ce wanda bai yi kaciya ba a raba shi da jama'arsa? Bulus da kansa ya tambaya a Romawa 6 ko mu ci gaba da zunubi don alheri ya yawaita. Dawuda an gafarta masa, amma ɗan da Bat-sheba ta haifa ya rayu? Na yi shekaru ina dattijon ikilisiya, na ga ƙarshen irin wannan.

Maman Tabita: Haba Baba! Yarinya na kwance za a kawo wannan? Da almajirai suka tambayi Yesu zunubin wa ya sa aka haifi mutum makaho, ai cewa ya yi ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba. Na sake tambaya, an kai ta asibiti?

Baban Rahila: Mama, na karɓo mata magani a kemis. Baba, ni ban ce ba zan biya ba, amma bashi a wurin wa? Kuma ba buguwa nake yi ba, 'yar leda ɗaya ce saboda sanyin asuba, duk mai gadi ya san wannan.

Ɗan Makaranta: Ka sami Fasto ku zauna, ko kwano biyu-biyu ne ka fara aikawa gida. Jibin nan don masu rauni aka kafa shi, Bitrus ya ci a daren da ya yi musun Ubangiji.

Baban Rahila: Fasto zai sa ni horo, a sanar a gaban jama'a, kafin Lahadi labari ya kai ƙauye. Surukaina ba su san ma na daina acaɓa ba.

Na Mile 12: Nawa mashin ma sun tafi da shi ban gama biyan kuɗinsa ba, mai shi har gobe yana kirana. Masu manyan motoci a ikilisiya ko sannu. Sai a zo ana mana wa'azin zakka.

Dattijo: Horo ba kisa ba ne. 'Yar leda giya ce. Ka biya abin da bakinka ya furta, na gama magana.

Maman Tabita: Kemis ba asibiti ba ne. Ka kai ta gobe da safe, in kuɗin gwaji ne a yi magana.

Baban Rahila: Gobe ina bakin aiki, ba mai canjina. Ni dai tambayata ba a amsa ba, Baba ya ce wannan, ɗalibi ya ce wancan.

Na Mile 12: Wai akwai wanda ya san mai ba da Keke Napep haya a wajen Ketu?